Kaset Ɗaya a Akwatin Balaraba

Shekarar Balaraba bakwai ranar da ta fara jin sunan Ɗan Tabki, a rediyon direba cikin motar Maradi. Mawaƙin ya yi gyaran murya kafin ya fara, ita kuwa ta miƙe ta shaida wa fasinjoji cewa wannan tarin kakanta Sa'idu ne. A gida ba mai kiran shi da wancan suna. Tun daga ranar take bin tarihinshi: zamanin gurmi a bakin tabkin Madarunfa, lokacin da kakarta Ɗelu ke yi mashi amshi, da zamanin gita a Yamai, har zuwa bana da ya haɗa kai da wani mai fiyano na garin Ɗan Issa. Ɗelu ta rasu shekara shida ke nan. Muryarta a kaset ɗaya ta rage, shi kuma yana cikin akwatin Balaraba.

Ran nan da hantsi sai ga tsohon a ƙofar ɗakinta, rungume da rediyonshi mai cin kaset.

"...lafiya lau, amarya. Ina gajiyar rubutun da ba ya cika rumbu?"

"Ba gajiya, tsohon miji. Yau kuma mi aka zo roƙo?"

"Roƙo? Ni da manyan Yamai suka miƙe tsaye dona?"

"Ƙofa suke nema, ka ɗauka girmamawa ce."

"Ja'ira! Ji nan. Mai fiyano na tafe bayan la'asar, za mu ɗauki sabuwar waƙa. Tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi kaset ya zama zinariya, wanda na samo kuma rediyo ya tauna shi. Ba ni tsohon nan na akwatinki in ɗora a kai."

Balaraba ta aje littafin da ke hannunta.

"Na Ɗelu?"

"Na Ɗelu ina? Nawa dai. Ita 'haka ne, haka ne' kawai take cewa a ciki."

"Nan ne kaɗai ta taɓa ce maka haka ne, shi ya sa nake adana shi. Kuma na ɓalle 'yan haƙoran bayanshi, ba ya ɗaukar komai."

"Ni ma nawa sun ɓalle, na daina waƙa? Takarda ake cusawa a ramin, ya ɗauka. Ga littattafanki nan, ko yau su yi amfani."

"Kai dai ba ka zama wuri ɗaya. Da gurmi, masunta na barin taru su saurare ka. Ka ɗauki gita, ka koma babur na hawan tudu. Yanzu kuma wannan fiyano, rantse ba kwaɗin tabki kuka kama kuka zuba a akwati ba."

"Zamani riga ne, yarinya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya."

"Rigar ce ta yi maka yawa. Har da tabarau baƙi, kamar mai canjin kuɗi a bakin iyaka."

"Tabaran nan 'yan matan Gabi suka gani suka hana ni tafiya!"

"Sun ɗauka makaho ne, suna nema maka ɗan jagora."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya zauna bakin tabarma.

"Bar wasa, Balaraba. Wa ke son gurmi yau? A wani biki a garin Safo na yi musu tsohon kiɗa, samari suka juya mani ƙeya. In ban ɗauki wannan ba, an gama da Ɗan Tabki."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Tsohuwar zuma ba ta tara jama'a. In kin hana, na sake ki."

"Saki na goma sha ɗaya ke nan bana. Je ka ɗora a kan na gita, guda tara ne, ba mai kukan rashin ɗaya."

"Na gita? Wanda na yi da 'yan Yamai? Ke ba ki san darajar abu ba!"

"Ashe akwai mai daraja." Ta gyara zama ta dube shi. "Kaka, ran sadakar arba'in ɗin Ɗelu, wa ya kira ni bayan rumbu ya damƙa mani kaset ɗin nan?"

Tsoho ya aje rediyon gefe. Ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Can sai ya girgiza kai yana murmushi.

"Allah ya tsare mutum da jika 'yar lakwal mai karatun boko. Ba ta mantuwa." Ya laluba aljihu ya tura mata goro biyu. "Kin ci. Ɗauko mani na gitar, wanda na yi mura a ciki. Amma faɗi dai abin da na ce maki ran nan, in ji ko kin riƙe daidai."

Ta ɗauke goron ta ƙulle a bakin zane.

"Cewa ka yi: 'Balaraba, ɓoye mani wannan. Kowa ya zo nema ki hana shi. In kuwa ni ne na zo, ki hana ni sau biyu.'"