Yadda Ake Gano Ciwon Bangon Ruwa Ba Tare da Jiƙa Takalmi Ba

Kai da kake son a riƙa kiranka masani, matso kusa. Ban gama sakandare ba, amma na zauna na kalli ayarin masana da suka zo duba tsohon bangon kankaren da ke tare ruwan babbar magudana a bayan unguwarmu, kuma na haddace aikin tsaf. Ba don sha'awa na zuba ido ba. Ɗakin kawuna mai wanki a jingine yake da bangon nan, kuma tun bara ruwa ke tsattsafowa ta ƙarƙashin gadonsa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka gano abin da ke cin kowane bango, kuma ba mai ce maka ka gyara.

1. Tsaya daga sama

Ciwon kankare a ƙasa yake, daidai inda ruwa ke lasarsa. Saboda haka kada ka sauka. Akwai laka, akwai gansakuka, takalminka kuma sabo ne. Kifa hular kwano, goya hannu a baya, ka leƙa kamar wanda aka ce masa akuyar wani ta faɗa rijiya. Girgiza kai a hankali. Rabin ilimin nan a wuya yake.

2. Ƙwanƙwasa, amma ka san inda za ka buga

Ɗauki 'yar guduma. Lafiyayyen kankare yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ka bugi durom maras ruwa. To, ka bugi inda ka san lafiya lau yake. In hannunka ya kuskure ka ji amon durom, yi tari.

3. Koyi rashin gani

Za ka hango rodi ya yi tsatsa, ya kumbura, ya ture kankaren da ke kansa. Za ka murza gefen bango ya zube a hannunka, yashi ya rinjayi siminti tun ranar kwaɓi. Za ka ga inda ruwa ya rarake ƙasa ta ƙarƙashin gini, don ba a taɓa yashe magudanar ba. Kada ka furta ko ɗaya. Kowane ciwo yana da uba, kuma iyayen waɗannan duk suna da mota. Ɗaya ɗan kwangila ne, ɗaya kuma shi ya aiko ka.

4. Saurari mai kuka, da kunne ɗaya

Dole wani ya hauro yana haki. Namu Kawu ne, wando a naɗe, hannu duk kumfa.

"Ranka ya daɗe, ku sauko ku gani. Tsagar nan hannuna yana shigewa har kafaɗa."

Babban masanan bai kalli tsagar ba, hannun ya kalla. "Baba, me kake yi a ƙasan nan?"

"Wanki. Tun kafin a haifi wannan maras aikin." Ya nuna ni.

"Da sabulu?"

"To da me, ranka ya daɗe? Da yawu?"

Na yi dariya. Masanan ba su yi ba, juna suka kalla. In ka ga masana sun kalli juna, an gama bincike.

5. Zaɓi mai laifin da ba zai bi ka ofis ba

Saiwar bishiya tana da kyau, sai dai za a ce a sare ta, wannan kuma aiki ne. Maginin da ya rasu ma ba laifi, amma wani lokacin yana da ɗa mai baki. Sabulu ya fi duka. Ga farin gishirin nan da ke fitowa a jikin duk tsohon bangon da ruwa ya ratsa: nuna shi da baki, ka ce kumfa ce ta daskare. Haɗa da kalma biyu ta Turanci, ka tauna su yadda ba mai iya maimaitawa.

6. Ba da magani

Zagaye tsagar da jan fenti, ka sa wani ya sauka ya yi. Kafa allo: AN HANA WANKI A NAN. Tsaya kusa da allon a ɗauke ka hoto, ka tabbata tsagar ba ta fito ba.

Da wannan aka raba Kawu da dutsen wankinsa. Igiyar shanyarsa yanzu tsuntsaye ke hutawa a kai. Masu kawo masa kaya sun koma wajen mai inji a bakin titi, shi kuma ya zauna yana goge riga ɗaya, tasa.

7. Idan bango bai ji magani ba

Ba zai ji ba. A namu bangon, tsagar ta haura jan fentin ta bar shi a baya. In an kira ka, kada ka ɗaga murya. Ka ce sabulun da ya riga ya shiga ne yake aiki, kuma irin wannan yana bukatar a sake nazari bayan damina. Kullum bayan damina. In bango ya tsaya, maganinka ne. In ya tafi, ba sauran abin da za a bincika.

Gargaɗi

Ni dai na koyar, ban aike ka ba. Duk abin da ya faɗo, ya cika, ya tafi da gado ko da mai gado, ba hannuna, ba hannun gudumarka. A tuntuɓi ruwa.

Hadari ya fara haɗuwa a makon nan. Jiya Inna ta aike ni in ɗauko kayan Kawu, ta biyo ni da kanta don ta san halin yayanta. Muka tarar ya ɗora ƙafafun gadon a kan bulo, yana zaune a kai.

"Yaya, don Allah ka taso. Ga ɗakin yaron nan, ba kwana yake a ciki ba, yawo yake."

Kawu ya ɗaga kai ya dubi bangon, ya daɗe yana dubansa.

"Ba inda za ni. Masu hula sun ce sabulu ne, na kuma daina. Ina nan zaune, in ga da wace hujja zai faɗo."