Ranar da Samaniya Ta Yi wa Dakta Ɗalhatu Shiru

Duk Samaru babu mai ilimin Dakta Ɗalhatu, kuma shi da kansa ya tabbatar mana da haka. Tun da ya dawo daga Ingila, shekarar da naira ta fito, ya daina amsa gaisuwar wanda bai yi digiri ba. Ɗalibai suka sa masa suna Kunnen Sama, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Aikinsa sauraren girgizar sararin samaniya. In manyan taurari suka yi karo can nesa, in ji shi, sarari kan yi rawa, rawar kuwa takan iso har ƙasar Zazzau. Don ya kama ta, ya sa maƙeran Chikaji suka zuba masa wani gungumen sanholo, ya rataye shi a ɗakin haya a Bomo, ya haɗa masa allura mai zane a takarda. Allura ta yi ta rawa safe da yamma.

Dakta ya duƙufa kan alƙaluma, ya gwada ra'ayi biyu: ko karo taurarin ke yi, ko fashewa. Lissafi ya ba karo rinjaye da rata mai yawa. Ra'ayi na uku, wato matan gidan Goggo Barakatu da ke daka a bayan bangon ɗakin, bai shiga lissafi ba, tunda babu shi a mujallun Turai.

Kujerar farfesa ɗaya ce ta rage a sashensu. Dakta ya riga ya kai ɗinkin rigar biki Sabon Gari, ya kuma sanar da surukansa. Saura kwamitin jami'a ya zo ya gani da ido.

Ana gobe za su zo, ya tsaya a zauren Goggo, hannu a aljihu.

"Goggo, gobe manyan masana za su zo sauraren samaniya. Kada in ji ƙarar taɓarya ko ɗaya. Kimiyya ba ta son hayaniyar ƙauye."

"To, Malam, Allah ya ba da sa'a," in ji Goggo. Ta sa aka kife turame.

Washegari kwamiti ya iso, Farfesa Adewale na gaba. Dakta ya yi jawabi har gumi ya jiƙa masa kwat, sannan ya kunna na'ura. Allura ta ja layi miƙaƙƙe kamar igiyar shanya. Aka jira. Aka ƙara jira. Gaskiya a nan har ni ya ba ni tausayi.

"Ranka ya daɗe," in ji Dakta, "a ilimin ƙididdiga, shirun ma sakamako ne."

Farfesa Adewale ya dubi agogo, ya yi godiya, suka shiga mota.

Motar na tashi, Goggo ta ce a ɗaga turame, gida ba zai kwana da yunwa ba. Nan take taurari suka koma karo. Dakta ya yago takardar, ya bi motar a guje yana ɗaga hannu, har takalminsa ɗaya ya tsaya a gonar dawa.

Kujerar dai wani mai auna ruwan sama aka ba. Dakta kuwa ya sake zama da alƙaluma, ya gano inda matsalar take: hassada samaniya ke yi masa.