Rasuwar Barde, Wanda Suke Kira Ƙyaure

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi kama da haushi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Barde Tsayayye, mayaƙina, ɗan mutum-mutumin roba wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da la'asar, a kan teburin falon yayana, tsakanin kofin shayi da farantin biskit.

Ga waɗanda ba su san sana'ar marigayin ba: duk Asabar mukan kewaye teburin nan mu yi wasan labari. Yaya ne mai jan labarin, shi ke faɗin kogon da muka shiga da dodon da ke ciki. Kowa yana da mutum-mutuminsa a kan taswira, ya faɗi abin da nasa zai yi, a jefa ɗan lido, lambar da ta fito ta yanke hukunci. Ɗan kawunmu, lauya, ya ɗauki boka. Abokin Yaya, mai kemis, ya ɗauki mai warkarwa. Matar Yaya ta ɗauki ɓarauniya. Ni da na zo a ƙarshe, ga shi ba ni da yawan magana, aka turo mini mayaƙi, aka ce, "Ga naki, Auta, wannan ba ya buƙatar tunani."

Marigayin bawan Allah ne mai haƙuri da kawar da kai. Ni na yi masa fenti da tsinken sakace, na shafe sulkensa da jan farce mai ruwan azurfa. Shi ke fara shiga kowace ƙofa, shi ke shan sara da suka da aman wuta, sauran suna laɓe a bayansa kamar 'yan tsaki sun hango shirwa. Duk da haka ba su taɓa riƙe sunansa ba. Ƙyaure suke ce masa. Bai taɓa ramawa ba. Iyakar maganarsa a duniya ita ce "ƙwas", idan na dire shi a gaban dodo.

Lauya yakan cinye rabin yamma yana buɗe littafin dokoki, yana jayayya da Yaya kamar a gaban alƙali. In layi ya zo kaina na ce, "Na sare shi," sai a yi dariya a wuce. Babu wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi kullum Barde yake tsaye daidai inda dodo zai bi. Sun ɗauka sa'a ce.

Ya jima yana fama da jiki. Takobinsa ya lanƙwashe tun ranar da mai kemis ya sosa kunne da shi, wuyansa kuma da gam yake riƙe. Amma ajalin a kan wata siririyar gada ya same shi. Ya tare wani ƙaton dodo shi kaɗai, ƙarfinsa yana ta raguwa. Na ɗaga murya, abin da ban saba ba, na roƙi magani. Mai kemis yana da sauran kurɓi ɗaya. Ya dubi Barde, ya dubi nasa mutum-mutumin da ƙaya ta ɗan karce, ya ɗura wa nasa. "Yi haƙuri, Auta," in ji shi, "rigakafi ya fi magani." Boka yana adana babban tsafinsa sai ranar da ta fi wannan muhimmanci. Ɓarauniya tana can tana buɗe akwati.

Ɗan lido ya faɗi. Yaya ya kwantar da Barde a gefensa, kamar yadda ake yi wa wanda ya mutu a wasan. Gawa ba ta huce ba aka fara rabon gado: ɓarauniya ta cire takalmansa, boka ya zare zobe, mai kemis ya ɗauki garkuwar da ko ɗaga ta ba zai iya ba. Sannan lauya ya miƙa hannu zai ɗauki biskit, ya dogara gwiwar hannunsa a kan mamacin. "Ƙaras." Kan ya gangara ƙarƙashin kabad. Lauya ya duba gwiwar hannunsa ko ya ji ciwo.

Marigayin ya bar boka ɗaya mai dogon baki, da mai warkarwa wanda bai taɓa warkar da kowa ba sai kansa, da ɓarauniya, wadda aƙalla ba ta ɓoye sana'arta ba. Ya kuma bar ni. Washegari magadan suka aiko mini da saƙo, ba na ta'aziyya ba: wai in taho da sabon mayaƙi, "irin wancan dai," tunda dole wani ya tsaya a gaba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa bayan azahar, da zarar an zaƙulo kan da tsintsiya. Za a sa shi a kwalin ashana, a binne a tukunyar fulawar da ke bakin tagata. Ba a buƙatar gaisuwar magada, kuma ba za a karɓa ba.

Daga nan wasa zai ci gaba a falon Yaya. Ya tabbatar mini dodon yana nan a kan gadar, bai ƙoshi ba, kuma a taswira babu komai tsakaninsa da boka sai iska. Zan zo in ja kujera gefe in zauna, hannuna wayam. Ana roƙon masu halarta kada su makara, don ba na jin abin zai ɗauki lokaci.