Hanyar Tsakuwa ta Bayan Kasuwar Shanu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na sami abin da na daɗe ina roƙo ba, wato hanyar tsakuwa wadda babu mota, babu keke-napep, babu ko akuya. Da na san yadda za ta zo mini, da wani abin daban na roƙa.

Ni ba ɗan Maiduguri ba ne. Aiki ne ya kawo ni daga Zariya bayan gari ya lafa, aka ba ni tebur a wani ofis a GRA. Abin da mutanen garin suka gani a shekarun baya, ni a rediyo na ji shi, kuma wanda ya ji abu a rediyo daban yake da wanda ya ji shi a ƙirjinsa.

Cutata ita ce kallon bidiyon Turawa masu tuƙa keke a tsaunukan ƙasarsu. Siririyar hanya ce ta tsakuwa ta nannaɗe dutse kamar rawani, ƙanƙara a can ƙololuwa, shanu na kiwo da ƙararrawa a wuya, kuma an hana mota shiga. Ba ka jin komai sai ƙaras-ƙaras ɗin taya. Maiduguri kuwa shimfiɗe take kamar faifai (tudu mafi tsawo a hanyata ta zuwa aiki gada ce), amma hakan bai hana ni zuwa Gamboru shagon Emeka mai kayan gwanjo na haɗa keke da kayan sawarsa ba. Abin da ya fi tafiya da ni wata baƙar riga ce marar hannu, mai jakar ruwa a baya da tiyo da ke zagayowa ta kafaɗa, kana tuƙi kana zuƙa.

Da Emeka zai miƙo mini ita sai ya ɗan riƙe. "Oga, wannan riga, GRA kawai ka sa shi. Kar ka shiga cikin gari da shi."

Na ɗauka ɓarayi yake ji mini, na ce masa ni ma ba yau na fara zaman birni ba.

A lokacin ina neman auren Falmata. Mahaifinta, Ba Modu, dillalin shanu ne, kuma ban taɓa ganinsa ba. Ta ce mini yana so ya gan ni da idonsa kafin ya yarda manyana su zo. "Yana zama ƙofar gida bayan la'asar. Ka zo ka gaishe shi kawai, ka sa kaftani. Sau ɗaya yake duban saniya ya san ko ta sayuwa ce, haka yake yi wa mutane." Sai ta ƙara da cewa ba ya son ragon namiji. Wannan ƙarin shi ya kai ni ya baro.

Na ce to, kaftani ai kowane rago yana da shi. Ga kuma layinsu a bayan Kasuwar Shanu an zuba masa tsakuwa ana jiran kwalta. Jifa ɗaya tsuntsu biyu ke nan, in nuna wa tsoho ni ba rago ba ne, in kuma ɗana hanyar Turai. Na ɗura zoɓo mai sanyi a jakar rigar har ta kumbura. Aljihunan ƙirji na cika su da dabino da batirin cajin waya, igiyarsa na leƙowa. Na sa ɗamammen wando, hular kwano, baƙin tabarau, na rufe hanci da ƙyalle, na maƙala 'yar jar fitila mai ƙyaftawa a kafaɗa, na toshe kunnuwa da abin jin waƙa. (Na dubi madubi kafin in fita. Wallahi na duba, kuma na ji daɗin abin da na gani.)

Da na karya kwana na shiga layin, kaina a sunkuye ina kallon taya tana cin tsakuwa. Da na ɗago, babu kowa. Layi miƙe ɗoɗar, fes, ba mota, ba mutum. Murna ta kama ni, na ce yau ga Turai ta zo Barno. Na tsaya, na zaro waya zan ɗauki bidiyo, na cire abin kunne don in ji shirun nan da nake ji a bidiyon Turawa.

Shirun ba irin nasu ba ne. A gefen hanya kaskon ƙosai yana kan wuta, ƙosan ya yi baƙi yana hayaƙi, kujerar mai tuyar a kife. Wata buta ta faɗi, ruwa bai gama tsiyayewa daga bakinta ba. Keke-napep na tsaye injinsa na aiki, babu direba. Takalma warwatse a tsakiyar hanya, wari a nan wari a can, har da ɗan ƙaramin silifas na yaro. Rediyon wani tela na ta magana shi kaɗai. Ko kazar unguwa ban gani ba.

Na waiwaya, ba komai a bayana. Na hau keke na ci gaba a hankali, sai na lura ƙofofin da ke gabana suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya, ba na ganin hannun da ke rufe su. Na ƙara sauri, su ma suka ƙara. A raina na gama yarda wani abu ne ke biye da ni, abin da kowa ke gani ban da ni. Duk labarin da kakata ta taɓa ba ni na kasuwar aljanu ya dawo mini sabo.

Na jefar da keken na ruga wata ƙofa, waya a hannu, na hau bugu. "Don Allah ku buɗe mini, ni ma in shigo." Ina jin numfashin mutane a bayan ƙyauren, ina jin an toshe bakin jariri. Wata mata ta fara kalmar shahada a hankali. Jin haka na ce lallai abin ya iso, ni ma na ɗaga murya na kama shahada. Sai kuka ya ɓarke a cikin gidan.

A nan na ji takun ƙafa a kan tsakuwa. Wani dogon tsoho ne cikin farar riga, ba takalmi, yana tahowa a hankali, tafukan hannunsa a buɗe. Shi kaɗai a duk layin. Sai da na dubi ƙafafunsa in ga ko kofato ne.

Ya tsaya nesa kaɗan. Muryarsa ƙasa-ƙasa, Hausarsa da karin Barebari. "Yaro, kar ka taɓa komai. Wayar nan, riƙe ta haka yadda take."

Na riƙe.

"Wa ya aiko ka? Ka ci abinci yau?"

Ya matso taku ɗaya.

"Na san ba son ranka ba ne. Gidan nan yara ne a ciki. In ya zama dole, ga fili can bayan masallaci, mu je ni da kai. Ni na tsufa."

Ba fuskata yake kallo ba, ƙirjina yake kallo. Na sunkuya na bi idonsa. Na ga kumburarrun aljihuna, na ga igiyar caji, na ga tiyo, na ga jar fitila tana ƙyaftawa. Sai a lokacin maganar Emeka ta iso kunnena. Abin da unguwa ta guje wa, wanda na yi ta waiwaye ina nema, ashe ni ne.

Na ce, "Baba, zoɓo ne."

"Me?"

"Zoɓo ne, da kanumfari." Na kai tiyon baki na zuƙa don ya gani. Garin sauri bakin tiyon ya fita, zoɓo ya tsiyayo jawur ya wanke mini ƙirji.

Sauran ba sai na ja ba. Samarin sintiri na unguwa suka zo da gorori, daga nesa suka sa na tuɓe rigar, da hular, da singileti. Na tsaya a tsakiyar layi daga ni sai wandon nan da ko ɗan dambe zai ji nauyin sawa, dabino zube a ƙafata. Ƙofofi suka buɗe, mutane suka fito suna tsintar takalmansu. Da dariya suka yi mini da na ji sauƙi, amma ba wanda ya yi dariya. Wata yarinya ta fito daga wani zaure da gudu ta riƙe hannun tsohon tana kuka, tana cewa "Baba". Ta juyo ta dube ni. Falmata ce.

Ashe tsohon nan shi ne Ba Modu, kuma shi ya hana a dake ni. Ya cire babbar rigarsa ya miƙo mini, ya ce in rufe jikina akwai mata.

Daga baya Falmata ta gaya mini abin da ban sani ba. Wata shekara yayanta ya tafi kasuwa, bom ya tashi, bai dawo ba. Tun daga nan mahaifinta yake cewa da yana wurin, da ya yi wa yaron da aka aiko magana, ko Allah zai sa ya ji. Ranar Asabar ɗin nan ya ɗauka lokacin ya zo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar da na ji wannan ba, ta tuɓewar ma wasa ce.

Na fid da rai da auren. Sai ga saƙonsa, wai in bi layin gida-gida da ƙafa in ba da haƙuri, in fara da mai ƙosai. Na bi, cikin kaftani. Da na gama na durƙusa a gabansa, ya dube ni sau ɗaya.

"Rago dai ba rago ba ne," in ji shi. "Hankali ne babu, shi kuma zama da mutane ke kawo shi. Manyanka su zo."

Yanzu 'ya'yanmu biyu, kuma har yau a layin nan Mai Zoɓo ake kirana. Baƙar rigar tana wurin Ba Modu, ya cire jakar yana ba 'yan maruƙa madara da tiyon. Nakan kalli bidiyon tsaunukan nan jefi-jefi, sai dai da na ga hanya fes ba kowa, sai in ji ina tambayar ina mutanen suka gudu. In ka ga hanya ta zama taka kai kaɗai a garin nan, kada ka yi murna, kada kuma ka tsaya waiwaye. Fara duba jikinka.