Injin Fasa Tsakuwa Yana Jiran Almakashi

Duk wanda ya ce mutanen kirki sun ƙare bai taɓa haɗuwa da shugaban kwamitin asibitin nan ba. Bawan Allah ne mai kishin lafiyar jama'a. Ko famfo aka gyara sai ya zo da kansa ya yanka ƙyalle, shi ya sa ma'aikata ke kiransa Sarkin Almakashi a bayan idonsa.

Da aka kawo injin leza mai fasa tsakuwar ƙoda, ya zagaya shi yana shafawa kamar ragon da ya kiwata. Likita ya yi masa bayani: siririn bututu ake zurawa ta mafitsara, haske ya farfasa tsakuwar ta zama gari, ba yanka ba ɗinki. Shugaba ya gamsu. Ya sa aka lulluɓe injin, ya kulle ɗakin, ya jefa makullin a aljihu.

"Ba a kafa tarihi a ɓoye," in ji shi. "Sai ranar biki."

A ɗakin maza kuwa akwai wani tela da tsakuwa ta toshe wa hanyar fitsari, yana ta murƙususu yana cizon matashin kai. Likita ya ce ƙodar na kumbura, ko a ba shi makulli ko a tura mutumin wani asibiti. Shugaba, da yake mai tausayi ne, ya taka har bakin gadon.

"Malam tela, ka taki sa'a. Kai na zaɓa ka zama na farko. Ina za ka ka bar wannan daraja?"

"Ranka ya daɗe, ciwon ne..."

"Ka daure."

Aka ɗage bikin don sunan shugaba bai fito raɗau a allo ba. Aka sake ɗagewa don babban baƙo ya yi tafiya. Shugaba mutum ne mai tsari, ya tsani aikin gaggawa.

Ranar biki ya yi jawabi har maƙogwaronsa ya bushe, ya yanka ƙyalle, aka tafa. Sannan ya ce a kawo telan ya kwanta a ɗauki hoto. Likita ya matso ya faɗa masa cewa ƙodar ta lalace, an cire ta makon jiya, da wuƙa.

Labarin ya taɓa zuciyar shugaba matuƙa, har sai da ya cire tabarau.

"Mutanenmu ba su da haƙuri," ya ce. "Ga mai hoto na jira. Likita, duba min ko akwai tsakuwa a ɗayar."