Farfesan Fansho da Kwana Huɗu

"Ni fa dokar fansho a tafin hannuna take," in ji Orval Hutchins, yana buga teburin gidan abincin da muke shan kofi a garinmu da ke jihar Ohio. "Waɗanda suka rubuta ta ma, da suna da lambata da sun riƙa kirana."

Ka dai san irinsu, baki kamar rediyo mai sabon batir. Farfesa muke ce masa, gogan naka kuwa ya ɗauka yabo ne.

Matarsa Maxine ta shekara talatin tana aikin jinya kafin ta rasu, fanshonta ya ninka nasa. Dabarar Farfesa ita ce, da ya cika sittin sai ya fara karɓar kason da ake ba mijin marigayiya, nasa kuma ya bar shi yana ƙiba har ya kai saba'in. Dabarar ba ta da laifi, tsakani da Allah. Mai dabarar ne sai a hankali.

Ana nan sai ya kamu da son Bernadine, wata bazawara mai kaɗa fiyano a coci. Aka sa biki tsakiyar Afrilu. Da Orval ya ji zauren biki rabin kuɗi ne a Maris, sai ya jawo ranar zuwa talatin ga wata. Shi kuwa sai uku ga Afrilu zai cika sittin.

"Orval, da ka fara leƙawa ofishin fansho ka tambaya," in ji Bernadine.

"Ni zan tambaya? Su dai su tambaye ni."

Aka sha biki. Washegari ya ajiye aikinsa a shagon kayan gini, har da ce wa mai shagon ya nemi wani jakin.

Ranar da ya cika sittin ya ɗaura laktaye, ya ja amarya zuwa ofishin, ya dire takardu gaban ma'aikaciya.

"Yarinya, ki yi sauri, na riga na cike komai."

Ta duba, ta sake dubawa. "Mista Hutchins, yaushe ka sake aure?"

"Kwana huɗu ke nan," ya ce, yana washe baki.

"Ayya. Wanda ya sake aure kafin ya cika sittin ba shi da wannan kason."

"Kwana huɗu fa."

"Ko kwana ɗaya ne."

"To, a ba ni nawa."

"Sai ka kai sittin da biyu, kuma a rage."

 Farfesa ya sunkuya, ya rage murya. "Ba wata hanya?"

"Akwai. In wannan auren ya mutu."

Orval ya saci kallon Bernadine. Kallon da ta mayar masa ya sa ya haɗiye maganar har da yawu. Can wani tunani ya faɗo masa.

"Ashe ke ma kin yi asarar na Clyde," ya ce, yana neman abokin kuka. Clyde mijinta ne na fari.

"Ni sittin da uku gare ni, Orval. Nawa yana nan daram."

Da yamma ta ajiye masa gasasshiyar kaza da dankali. Ya ɗauki cokali a sanyaye, sai ta dafa hannunsa.

"Tsaya, Farfesa. Ka fara yi wa Clyde addu'a, shi zai ciyar da kai shekara biyu."