Rasuwar Ɗan Baƙi, Radiyon Ajin Angile

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Rahama Yacuba, malamar Angile, wato Ingilishi, a lise, babbar sakandaren garin Gaya, ina sanar da ɗalibaina da 'yan uwa rasuwar ɗan radiyona mai kat memuwar, ɗan katin nan na adana murya, wanda 'yan ajin ƙarshe, wato tarminal, suka laƙaba wa Ɗan Baƙi. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a cikin injin casar shinkafa.

Marigayin bai wuce tafin hannu ba, amma a cikinsa muryar mahaifina take, Mushe Yacuba, wato Malam Yacuba a bakin 'yan boko, wanda ya tsufa yana koyar da Angile. Kafin Allah Ya karɓi ransa ya zauna a zaure ya naɗi manyan kalmomin nan da ake yi wa 'yan jarrabawar bak ta gama lise tarko da su, irin waɗanda sai ka ja numfashi kafin ka kai ƙarshensu. Yakan faɗi kalma, ya warware ta da Hausa, ya ƙara da Zabarmanci don 'yan Tanda, sannan ya jira ɗalibai su maimaita.

Wanda ya zauna ajina ya san muryar marigayi. Da an kunna shi sai ya ce "ƙyat", ya ja "shshsh", Baba ya yi tarinsa, "ehem", ya ce, "To, ku maimaita." Can baya akwai wani zakara marar kunya da ke cara a tsakiyar darasi na uku. Ɗan Baƙi bai taɓa yi wa yaro tsawa ba, ko sau nawa aka mayar da shi baya, kuma abincinsa pil ne kawai, wato batir.

Ciwon ajali ya same shi a kan babur ɗin kabu-kabu, da ruwan sama ya ritsa mu a hanyar Tanda. Muryarsa ta shaƙe. Na yi masa maganin da kowa ke yi wa waya, na tusa shi cikin buhun shinkafar da ba a casa ba don ta shanye ruwan. Maigidana Umaru, wanda tunda muka yi aure bai taɓa ɗaga buhu ba sai na yi magana har na gaji, ranar nan ya tashi da niyyar kirki. Ya kai buhun inji. Na yafe masa, amma har yanzu ban iya kallonsa sosai ba.

A cikin ƙaiƙayi muka tsinto eriya da rabin murfi. Kat ɗin ya zama gari, kuma babu wani wurin da muka adana muryar.

Ya rasu ya bar tsohon ƙamus mai ɓallallen bango, da pil biyu sababbi, da aji guda da bak ke tunkaro shi. Ya bar ni kuma, na rasa uba karo na biyu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, ƙarƙashin mangwaron harabar lise. Kada kowa ya kawo goro, shinkafa kuwa kada ma in gan ta. Kowane ɗalibi, sabo da tsoho, ya zo da kalmomin da ya riƙe daga bakin marigayi, mu faɗe su da ƙarfi yadda yake faɗa, ko ma tattaro abin da zai ishi yaran nan shiga jarrabawa. Wanda kuma ya iya kwaikwayon tarin nan na Baba, don Allah ya zauna kusa da ni.